Abin da ya kamata ku sani kafin ku jiƙa irin shinkafa

Mazaunin Fadaman Mada da ke noman shinkafa a bayan garin Bauchi, idan ya auno iri a kasuwar Muda Lawal, cikar ƙwaya da tsabtarta yake dubawa. Amma ƙarfin tsiro yana can cikin ɗan idon da ke gindin ƙwayar, a wasu ƙananan sassa da masana ke kira mitokondiriya. Su ne murhun shuka: a nan ake ƙona sukari da iskar oksijin, a samu kuzarin fitar da saiwa da ganye.

Abin mamakin shi ne suna da nasu kundin gado, daban da na sauran jikin shukar. A 2002 masana a Japan suka karance na shinkafa, suka tarar da haruffa kusan 490,000. Da wannan kundi ne mitokondiriya ke ƙera furotin kala talatin da 'yan kai a cikinsu. Sauran ɗaruruwan da suke buƙata daga waje ake ƙero musu, a shigo da su. Dole ɓangarorin biyu su dace, in ba haka ba wuta ba ta kamawa.

A busasshen iri mitokondiriya barci suke, ba su ma gama ƙira ba. Da ya sha ruwa, cikin 'yan awanni suke farfaɗowa su soma ƙera furotin, kuma sai da iska aikin ke kammala. Shi ya sa irin da aka bari nutse cikin ruwa yake fitar da wani farin tsiro siriri, babu saiwar kirki, babu koren ganye. Numfashi yake nema. Shinkafa ta fi masara da alkama jure wannan, amma juriyar tana da iyaka.

Zafi da laima kuma suna lalata waɗannan sassa tun iri na cikin buhu. A ganina, yawancin laifin da ake ɗora wa ƙasa ko taki, a ɗakin ajiya aka yi shi.

Don haka a shanya iri ya bushe ƙamas, a ɗora buhu kan katako a wuri mai sanyi. In za a shuka, ko da irin FARO 44 ne mai kyau, a jiƙa kwana ɗaya kawai, a tsame, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara har ya fasa baki.