Hanyoyin Sufuri a Ƙasar Malawi

Gabatarwa

Malawi ƙasa ce da ke kudancin Afirka wadda ba ta da gaɓar teku, ta kuma yi iyaka da Tanzaniya da Zambiya da Mozambik. Siririya ce, ta miƙe daga arewa zuwa kudu fiye da kilomita 800, sa'annan Tafkin Malawi ya mamaye kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗinta. Wannan siffa ce ta tsara zirga-zirgar jama'arta, domin kuwa abin hawan da mutum zai shiga ya danganta ne da inda yake zaune da kuma ƙarfin aljihunsa.

Motocin Haya

Babbar hanyar ƙasar ita ce M1, wadda ta taso daga iyakar Tanzaniya ta ratsa Mzuzu da Lilongwe, babban birni, da Blantyre, cibiyar kasuwanci, ta gangara can kudu. A kanta ne manyan motocin safa ke kaiwa da komowa. Tsakanin Lilongwe da Blantyre akwai kimanin kilomita 300, tafiyar awa huɗu zuwa biyar. Waɗannan motoci suna da ƙayyadadden lokacin tashi. Su kuwa ƙananan bas-bas sun fi araha, amma ba sa barin tasha sai sun cika, kuma sukan yi ta tsayawa a hanya. Wato abin da talaka ya rage na kuɗi, yakan biya shi da lokacinsa.

A birane akwai tasi, kuma akasari sai an yi ciniki kafin a shiga. Inda kwalta ta ƙare, akan hau bayan a-kori-kura, wadda suke kira matola, ko kuma a nemi 'yan kabaza, masu ɗaukar fasinja a kan keke ko babur. Damina takan faɗo daga Nuwamba zuwa Afrilu, hanyoyin karkara su lalace. A watan Maris na 2023 guguwar Freddy ta karya gadoji da dama a kudancin ƙasar, ta raba garuruwa da kasuwanninsu.

Jirgin Ruwa

A nan ne sufurin Malawi ya fita daban. Shahararren jirgin tafkin shi ne Ilala, wanda aka ƙera a Sikotland a 1949, aka kawo sassansa ta Mozambik, aka harhaɗa shi a bakin tafkin, ya fara aiki a 1951. Ya shafe fiye da shekaru 70 yana jigila daga Monkey Bay a kudu zuwa Chilumba a arewa, zuwa da dawowa cikin kimanin mako guda. Yakan ɗauki mutane da buhunan masara da busasshen kifi da kayan gini. A wuraren da babu matsaya, sai ya tsaya nesa da gaɓa, a kwashe fasinjoji da kayansu cikin ƙananan kwale-kwale.

Muhimmancinsa ya fi bayyana a tsibiran Likoma da Chizumulu. Mallakar Malawi ne, amma ruwan Mozambik ya kewaye su, babu kuma wata mota da za ta isa can. Duk lokacin da aka janye jirgin domin gyara, kayan masarufi kan yi wuyar samu, mutane su koma ga ƙananan jirage, alhali iskar mwera kan tayar da igiyar ruwa mai haɗari a watannin sanyi.

Jirgin Sama

Manyan filayen jirgin sama biyu ne, ɗaya a Lilongwe, ɗaya kusa da Blantyre. Bayan rushewar Air Malawi a 2013, gwamnati ta haɗa gwiwa da kamfanin jiragen saman Habasha suka kafa sabon kamfani, ita tana da kashi 51, shi kuma 49. Tafiyar da ke cin rabin yini a mota ba ta kai awa guda a sama, sai dai kuɗin tikiti ya fi ƙarfin yawancin jama'a.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa kowace hanya tana da mutanenta. Mai hali yana da zaɓi tsakanin jirgin sama da safa, amma manomin ƙauye da masuncin tsibiri hanya guda ce gare su. Idan ta yanke, kasuwa da asibiti da makaranta duk sun yi musu nisa.