Kafin Ka Kunna Sabon Injin Katako

Injin da yake tsaga katako, ya goge fuskarsa, ya daidaita kaurinsa, ya kuma huda rami, duk a jiki ɗaya, abin marmari ne ga kafinta mai ƙaramin shago. Wuri ya yi kaɗan, kuɗin injina huɗu kuma ba kowa ke da shi ba. Sai dai yawanci a akwati yake zuwa, ƙafafu daban, murfin zarto daban, takardar bayani da Turanci ko Sinanci. Mu kuwa da an harhaɗa an danna makunni ya yi ruri, sai a ce alhamdulillahi, a miƙo katako. Alhali injin da aka haɗa a karkace shi ma ruri yake yi.

Dubawar gaskiya da hannu ake yin ta, bayan an zare filogi daga soket. Fara da girgiza injin. In yana rawa, ka gyara masa zama, ka ɗora lebur a kan teburinsa, sannan ka bi notina da sifana ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda aka ɗaure tun daga kamfani, domin doguwar tafiya a jirgin ruwa da tirela tana sassauta su.

Sai zarto. Akwai kibiya a jikin faifan, dole ta dace da yadda sandarsa ke juyawa, wato haƙoran da ke gefenka su riƙa sauka cikin tebur. Goge ƙarafan nan biyu da suke matse shi, don ɗan garin katako kaɗai ya isa ya sa shi lilo. Juya faifan da hannu ka saurara ko yana gogar wani abu. Daga nan sa wa haƙori ɗaya alama da alli, auna tsakaninsa da ƙarfen jagora da katako ke bi, juya shi ya koma baya ka sake aunawa. Awon biyu su zo daidai. In bayan ya fi matsewa, katako zai maƙale, haƙoran da ke tasowa su cafke shi su wurgo maka. Faifai mai faɗin milimita 250 da ke juyi 4,000 a minti ɗaya, haƙoransa na gudun kusan kilomita 190 a awa. Ba a kauce wa irin wannan jifa.

Maganin wannan shi ne lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake kafawa a bayan zarto, mai hana bakin yanka rufewa. Abin takaici, shi ne farkon abin da ake cirewa a jefa ƙarƙashin benci, wai yana tare aiki. A kafa shi a layi ɗaya da faifan, tazararsa da haƙora tsakanin milimita 3 zuwa 8, a ɗora murfi.

Wuƙaƙen guga sun fi komai bukatar haƙuri. Kowace ta zauna daidai da teburin da katako ke fita ta kansa. Ɗora miƙaƙƙen guntun katako a wannan tebur, bakinsa ya leƙo kan wuƙa, ka juya da hannu. Wuƙar za ta ɗan ja shi gaba kamar milimita 3. Gwada dama, gwada hagu, gwada kowace wuƙa. In ɗaya ta fi ja, ita kaɗai za ta riƙa cin katako, ta dakushe da wuri, fuskar aiki ta fito da tudu da kwari. Ɗaure notinansu daga tsakiya zuwa gefe, ka sake bi karo na biyu. Ƙarfen jagora kuma a gwada shi da sikwaya, kada a dogara da lambobin da aka zana a jiki.

Bel ba ya son matsi da yawa: danna tsakiyarsa da yatsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya.

Batun wuta a bar wa mai wayarin. Ya tabbata an haɗa wayar as, mai launin kore da rawaya, kuma ƙarfin wutar da aka rubuta a jikin moto ya dace da na shago, 230 ga layi ɗaya, 400 ga layi uku. Mai layi uku in aka sauya wayoyi biyu, baya zai juya, don haka kunnawar farko ta daƙiƙa ɗaya ce, a ga inda ya dosa. Akwai kuma gwajin da ya shafe mu musamman, mu da ake ɗauke wa wuta ba sallama. Injin na aiki, kashe wutar shagon daga babban makunni, ka dawo da ita. Bai kamata ya tashi da kansa ba. In ya tashi, wata rana zai tashi hannun yaron shago na share garin katako a bakin zarto. A canja makunnin kafin komai.

Bayan nan a bar shi ya yi 'yan mintuna ba katako, kana tsaye a gefe, kunne na sauraron ƙara ko karkarwa. Gwada da ragowar katako, kashe, zare filogi, sake bin notina. Oga, wannan duba da kanka za ka yi shi, yaranka na tsaye suna kallo.