Kogin Kwara da Cikarsa ta Biyu

Daga cikin al'amuran da ke sa ma'abucin hankali ya yi tafakkuri a kan ƙudurar Ubangiji akwai sha'anin Kogin Kwara, wanda ake kira Neja, domin kuwa yana tasowa ne daga tsaunukan ƙasar Gini, inda tsakaninsa da teku bai wuce kimanin kilomita 240 ba, amma maimakon ya gangara ya faɗa cikinta, sai ya ba ta baya ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa Bamako da Segu da Mopti har ya shafi gefen Sahara daura da Tumbutu, sa'an nan ya karkato ta Gawo da Yamai da Gaya, ya shigo ƙasar Kabi, ya wuce Yawuri, ya karɓi Binuwai a Lakwaja, kana ya isa teku bayan tafiyar kusan kilomita 4,200. A Afirka duka, Nilu da Kwango kaɗai suka fi shi tsawo.

Wannan karkata ta daɗe tana rikita masana. Ibn Baɗɗuɗa, da ya ziyarci Mali a 1352, ya zaci kogin nan Nilu ne. Bature Mungo Park ya halaka a Busa a 1806 yana neman ƙarshensa. Wani Baturen, Clapperton, ya zo Sakkwato a 1824 yana tambaya a kan kogin, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswira. Ba a warware wa Turawa mas'alar ba sai a 1830.

To, amma a ganina babban abin al'ajabi shi ne abin da wannan doguwar hanya take yi wa ruwan kansa. Damina takan sauka a Gini da ƙarfi daga Yuli zuwa Satumba, ruwan ya taho a guje har ya iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Masina, wadda gangararta ƙalilan ce ainun, sai ya fantsama cikin fadamu da tafkuna da dazukan ciyawar burugu, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, rana tana shan kaso mai yawa daga cikinsa, laka tana kwantawa, har ya fito ta wajen Tumbutu garau. Saboda wannan jinkiri, ruwan da aka yi a Gini da damina ba ya cika kogi a Yamai sai wajen Janairu, a tsakiyar hunturu, sa'ad da ƙasa ta bushe ƙayau, babu ko ɗigo daga sama. Ke nan mutanen Yamai da Gaya da Yawuri cika biyu suke gani a shekara: ta damina, mai jan ruwa da laka, wadda ƙoramu irin su Sirba suke kawowa, da ta rani, mai duhun ruwa da tsabta, wadda ta zo daga nesa. Da ta biyun nan ake ban ruwan shinkafa da albasa, a cikinta masunta ke jefa birgi su ja taru, su fito da giwan ruwa da ragon ruwa da tarwaɗa.

Magabata sun fahimci cewa ni'ima irin wannan ba ta ɗorewa sai da hukunci. Sa'ad da Shehu Ahmadu Lobbo ya kafa daularsa ta Masina a 1818, ya gina Hamdallahi, daga cikin manyan ayyukansa akwai rarraba makiyayar burugu da sanya mata wakilai, da ƙayyade lokacin da kowane garke zai shiga bayan janyewar ruwa, don kada makiyayi ya zalunci manomi ko masunci. Kuma har yau ana taruwa a Jafarabe kowace shekara don kallon shanu suna ƙetare kogi da iyo. Haka nan Sarkawa, waɗanda asalinsu Sorko ne na ƙasar Songai, suka biyo kogin har Kabi da Yawuri suka zama Hausawa, suna da sarkin ruwa wanda ke faɗin ranar da za a shiga su da gurbin da aka haramta. Ta bisa wannan ruwa kuma gishirin Sahara da hatsi da littattafan fiƙihu suka yi ta kai da komowa tsakanin Jenne da Tumbutu da Gawo.

Zamaninmu ya taɓa kogin da hannu mai nauyi. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ta ba da lantarki, amma ta nutsar da tsohuwar Busa da gungunan da Gungawa ke noman albasa, ta tayar da mutane fiye da 40,000. A watan Yunin 1985, bayan shekarun fari, kogin ya daina gudu a Yamai. A 2020 kuma cikar damina ta yi ambaliyar da ta rushe gidaje masu yawa a birnin, alhali sare itatuwa yana ƙara tura yashi cikin gulbi. Ƙasashe tara ke tarayya a Hukumar Kwarin Neja, wadda aka kafa a 1980, mai mazauni a Yamai, kuma wasu daga cikinsu suna da burin datse rabonsu. Wajibi ne a kan hukumominmu su sa ido a kan kowace sabuwar madatsa da ake shirin ginawa a Gini da Mali, su nemi a saurari masunta da manoman rani tun kafin a aza tubali, domin abin da aka tare a can shi ne ruwan da Yawuri ke jira a watan Janairu.