Shiga Rumbun Bayanai ta Cikin Gida Ba Tare da Mai Sauraron Sadarwa Ba

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake isa ga rumbun bayanai daga cikin kwamfutar da yake zaune a kanta, ba tare da an buɗe masa ƙofar sadarwa ba. An kawo misalai daga PostgreSQL da MySQL da Oracle, aka nuna cewa hanyar ta wadatar ga manazarcin da ke aiki shi kaɗai, sannan aka fayyace inda kariyarta ta tsaya.

1.0 Gabatarwa

A yau manazarta da dama suna adana kalmomin ƙamus da matanonin waƙoƙi da hirarrakin da suka naɗa a fagen bincike a cikin rumbun bayanai na kwamfuta. Irin waɗannan bayanai amana ne, musamman idan sun ƙunshi sunaye da sirrin mutanen da aka yi hira da su. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ma ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, manhajar rumbun takan buɗe ƙofa tana jiran baƙi tun ranar da aka girka ta, ko da kuwa mai kwamfutar ne kaɗai zai yi amfani da ita.

2.0 Mene ne Mai Sauraro?

Manyan manhajojin rumbun bayanai sun kasu gida biyu: uwar garke, wadda ke riƙe da bayanan, da manhajar mai nema, wadda ke aika tambaya. Mai sauraro shi ne ɓangaren da ke zaune a bakin wata ƙofa mai lamba yana jiran sallama daga hanyar sadarwa. A al'ada PostgreSQL yakan yi amfani da ƙofa ta 5432, MySQL ta 3306, Oracle kuwa ta 1521. Ana iya kwatanta shi da mai tsaron zaure: duk wanda ya zo sai ya amsa masa, kafin a tantance ko na gida ne ko baƙo.

Haɗarin yana cikin amsawar kanta. A watan Janairun 2003 wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Slammer ta bi ta ƙofa ta 1434 ta manhajar SQL Server, ta kama kwamfutoci kusan 75,000 cikin minti goma, ba tare da ta buƙaci kalmar sirri ba. A farkon 2017 kuma masu kutse suka wawashe dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe, suka nemi kuɗin fansa. A duka biyun, ƙofar da ke sauraro ce mafarin ɓarnar.

3.0 Hanyoyin Cikin Gida

3.1 Soket na Unix

Tun 1983, lokacin da Jami'ar Kalifoniya da ke Barkeli ta fitar da 4.2BSD, tsarin Unix yake da hanyar da manhajoji biyu na kwamfuta ɗaya za su yi magana ba tare da sun bi ta sadarwa ba. Ita ce soket na Unix. Adireshinsa suna ne na fayil, ba lamba ba, kuma saƙon ba ya fita daga zuciyar babbar manhajar kwamfutar.

A PostgreSQL, idan aka bar saitin listen_addresses fanko a fayil ɗin postgresql.conf, aka sake tayar da uwar garken, to ta daina sauraron sadarwa ɗungum. Abin da zai rage shi ne fayil mai suna .s.PGSQL.5432, wanda a Debian da Ubuntu yake cikin /var/run/postgresql. Lambar da ke jikin sunan alama ce kawai, ba ƙofa ba ce. Manhajar psql kuwa, in ba a ambata mata adireshi ba, ta wannan fayil take bi.

A MySQL saitin skip_networking ne ke yin wannan aiki. Akwai wani abu a nan da ke rikita masu koyo: a kan Linux, idan aka rubuta localhost, MySQL yakan bi ta soket, amma idan aka rubuta 127.0.0.1 sai ya nemi ƙofar sadarwa. Saboda haka kuskure mai lamba 2002 yawanci yana nufin uwar garken ba ta tashi ba, ko kuma an nemi fayil ɗin soket a inda ba ya nan.

3.2 Hanyar Gado ta Oracle

A Oracle mai sauraro manhaja ce mai zaman kanta, ana iya kashe ta rumbun ya ci gaba da aiki. Idan mai kula da rumbun ya saita ORACLE_HOME da ORACLE_SID, ya rubuta sqlplus / as sysdba, manhajar da ya kira ita ce za ta haifar da ɗan aiken uwar garke da kanta, su riƙa magana ta bututun cikin gida. Sunan wannan tsari Bequeath, wato barin gado, domin ɗan aiken yana gadon mahaɗar ne kai tsaye daga wanda ya haife shi. Ta wannan hanya aka fi tayar da rumbun da ke kwance. Amma da zarar an ƙara alamar @ da sunan rumbu, an koma wajen mai sauraro ke nan.

3.3 A Kan Windows

A nan akwai bututu mai suna da kuma ƙwaƙwalwar tarayya, wato wani yanki na ma'adanar wucin gadi da manhajoji biyu ke rubutu da karatu a cikinsa. SQL Server da MySQL duk suna iya amfani da su. Daga PostgreSQL na 13, wanda ya fito a 2020, soket na Unix ma ya samu a kan sababbin Windows.

4.0 Wa Ke Shaidar Mai Shigowa?

Babban alfanun wannan hanya ya wuce rufe ƙofa. Wanda ya zo ta sadarwa, kalmar sirri ce shaidarsa, kuma ana iya sace ta ko a yi ta cinka har a dace. Wanda ya zo ta soket kuwa, uwar garke tana iya tambayar babbar manhajar kwamfutar ko wane ne, ita kuma ta faɗi sunan da ya shiga da shi. PostgreSQL yana kiran wannan tantancewa peer, ana kuma rubuta ta a layukan da suka fara da local a fayil ɗin pg_hba.conf. Oracle yakan duba ko mutum yana cikin rukunin dba. Ta haka ba sai an rubuta kalmar sirri a cikin fayilolin aiki ba, inda ake yawan mantawa da ita har ta bi fayil zuwa hannun wasu.

Nan ne bambancinsa da adireshin 127.0.0.1 yake. Wannan adireshi ba ya karɓar baƙi daga waje, amma har yanzu ƙofa ce mai sauraro, kuma kowace manhaja da ke kan kwamfutar tana iya ƙwanƙwasa ta. Shi kuwa fayil ɗin soket ana iya taƙaita izininsa ga mutum ɗaya ko rukuni ɗaya.

5.0 Iyakokin Hanyar

Rufe ƙofar sadarwa ba ya hana a sace kwamfutar kanta. Maganin wannan shi ne kulle faifan ajiya da lambobin sirri, da adana kwafi a wani wuri. Haka kuma duk wanda ya samu shiga da sunan mai kwamfutar ya gaji izininsa. Wasu manhajojin da aka rubuta da Java ba sa bin soket sai da ƙarin kayan aiki. Idan abokin bincike yana nesa, ba dole ne a buɗe rumbun ga duniya ba, domin tun fitowar OpenSSH na 6.7 a 2014 ake iya miƙa soket na Unix ta cikin kullallen ramin SSH.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa mai sauraro buƙata ce ta rumbun da ake nema daga nesa, ba sharaɗin aikin rumbu ba. Shawarar da ake ba sassan nazarin harsuna da cibiyoyin adana tarihi ita ce, kafin a girka kowane rumbu a fara tambayar wa zai shiga, kuma daga ina. Idan amsar ba ta wuce kwamfuta ɗaya ba, a kashe mai sauraro, a bi ta cikin gida.