IN KURAN YA ƊAUKE: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Ƴan uwa masu karatu, bazara takan zo mana da baƙi biyu: zafi da ɗaukewar wuta. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram. Kowa ya kunna fanka, kowa na neman ruwan sanyi. Kaya ya yi wa layi yawa, sai kuran ya ɗauke.

Har zuwa 2023, ƙasarmu ta daɗe tana sayen mafi yawan lantarkinta daga Najeriya. Layi guda ya taso daga Birnin Kabi zuwa Yamai. Wani ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. A watan Agusta na 2023 aka katse wannan wuta, ba a maido ta ba sai Maris na 2024. Garuruwanmu sun sha duhu. Amma duhun kansa bai cika halaka mutum ba. Abin da muke yi cikin duhun shi ke jawo hasara.

Shiri tun da rana

Mu ajiye tocila a wuri guda wanda kowa ya sani a gida, har yara. Fitila mai aiki da hasken rana ta fi kowace, don ba ta cin pil, ba ta tada gobara. A shanya ta da safe, ta yi aiki da dare. Duk lokacin da wuta ta zo, mu cika salula da caji.

Mu tuna da ruwa. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, injinan da ke tura ruwa sukan tsaya, famfo ya ƙafe. Mu cika randuna da jarkoki, mu rufe su. Uwargida ta kai niƙa da wuri, kada dare ya yi babu garin tuwo. Mai lambu ya yi ban ruwa da sanyin safiya, ya cika tafkinsa, ya tanadi na dabbobi da kaji.

Kyandir da fitilar ƙwai

In dole ne mu kunna kyandir, mu kafa shi cikin kwanon ƙarfe mai yashi. Ya yi nesa da gidan sauro, da labule, da zana. Kada a bar yaro shi kaɗai da shi. Kada a yi barci yana ci. Kada a zuba wa fitila kananzir tana kunne, kuma kada a taɓa sa mata fetur.

In gobarar fetur ta tashi, ruwa ƙara watsa ta yake yi. Ƙasa ko yashi ake zuba mata. A fitar da yara, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Wanda ya ƙone, a yi ta kwarara wa wurin ruwa mai tsabta har minti 20. Kada a shafa mai ko man goge haƙori. A kai shi likita.

Hayaƙin da ba a gani

Injin wuta, wanda muke kira gurup, yana fitar da wata iska mai guba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum yakan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci ya kwashe shi, ba ya farkawa. Don tsoron ɓarayi wasu kan shigar da gurup cikin ɗaki ko zaure. Wannan ganganci ne. A ajiye shi a fili, kamar taki 8 daga ƙofa da taga. In za a ƙara masa mai, a kashe shi ya huce tukuna. In mutanen ɗaki guda suka kama ciwon kai lokaci ɗaya, a fito da su sarari nan da nan, a kashe inji, a tafi likita.

Abinci da magani

Firigo in ba a buɗe shi ba yana riƙe sanyi kamar awa 4. Bayan haka nama da kifi da nono sun shiga haɗari. Hanci ba ya gane kowace ɓarna. Wanda muke shakka, mu zubar. Asarar kwano guda ta fi kwanan asibiti sauƙi. Mai ciwon sukari da ke yin allura ya tambayi ma'aikacin lafiya yadda zai adana maganinsa tun kafin bazara.

Yara da tsofaffi

Su ne zafi ya fi yi wa illa. A ba su ruwa a kai a kai, ko ba su roƙa ba. Jariri da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai za a yawaita ba shi. In aka kwana waje, a ɗaura gidan sauro. Wanda jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ya rikice ko ya suma, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi likita.

Kafin wuta ta dawo

Da zarar kuran ya ɗauke, mu zare telebijin da firigo da dutsen guga daga soket. Wuta takan dawo da ƙarfi ta ƙone kaya. Dutsen guga da aka manta kan tufafi yana iya cinye gida. Ƙwan fitila guda ya isa ya shaida mana dawowarta. Da damina kuma, in iska ta tsinke waya, kada kowa ya kusance ta, ko da unguwa na cikin duhu. A kori yara da dabbobi, a sanar da NIGELEC.

Ƴan uwa, yawancin wannan shiri ba ya cin ko dala. Yau da rana mu duba tocila, mu duba randa, mu duba inda gurup yake. Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa, don gobara ba ta san katanga ba. Allah ya kiyaye mu.