Allurar Kwantar da Hankali Wajen Likitan Haƙori

Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san azabarsa. Amma mun ga mutane da yawa, har da manya masu gemu, sun gwammace su yi kwana uku suna riƙe da kunci da su je asibiti. Sai su cusa kanumfari ko kanwa a kogon haƙorin, wasu har ruwan batir. In ka bincika, sai ka tarar tsoron likita ne.

To, ruɓaɓɓen haƙori ba ya warkewa da kansa. Ruɓar takan kai ga saiwa, mugunya ta taru, kunci ya kumbura. Wani lokaci kumburin ya sauka ƙarƙashin haɓa ya toshe hanyar numfashi. Wannan yana kashe mutum.

Saboda masu irin wannan tsoro ne likitoci suke da wata allura ta kwantar da hankali. A jijiyar jini ake yinta, a bayan hannu ko a gwiwar hannu. Maganin da aka fi sawa sunansa midazolam. Likita ba ya ɗura shi gaba ɗaya, kaɗan kaɗan yake sawa, yana duban mutum. Cikin 'yan mintoci jiki ya saki, faɗuwar gaba ta tafi.

Wasu suna zaton barci ake sa mutum irin na fiɗa. A'a. Yana farke, yana numfashi da kansa. In an ce, "Malam, buɗe baki," sai ya buɗe. Kuma wannan allura ba ta kashe zafi. Sai an yi wata dabam a dasashi, ita ke kashe wurin. Abin mamaki, bayan an gama yawancin mutane ba su tuna abin da aka yi musu. Wani ma ya tambaya yaushe za a fara, alhali ga haƙorin can a tasa!

Amma maganin nan yana da ƙarfi. In ya yi yawa yakan rage numfashi. Don haka ake maƙala wa mutum wata 'yar na'ura a yatsa, tana nuna bugun zuciya da iskar da ke cikin jini, ga kuma maganin karya shi a ajiye. Kun ga ashe ba aikin kemis ba ne, balle mai cire haƙori a kasuwa. Ba kowane asibiti ke yi ba, sai inda akwai wanda ya koyi aikin.

In za a yi mana, mu gaya wa likita gaskiya: ko akwai ciki, ko ciwon asma, ko ciwon zuciya, da duk maganin da muke sha, har na gargajiya. Mu bi abin da ya ce game da cin abinci kafin mu zo. Tilas kuma mu zo da babban mutum wanda zai mai da mu gida, ya zauna tare da mu.

Har awa 24 ba hawa babur ko keke, ba taɓa injin niƙa, ba girki a kan wuta. Kada kuma a yi cinikin sa ko gona ran nan, ko a sa hannu a wata takarda, don hankali bai gama komowa ba sai gobe.