Uwargida Shirley: Attajirar Da Ta Rabar Da Dukiyarta Saboda Ɗanta

'Yan'uwana mata, a wannan mako filinmu ya leƙa ƙasar Ingila domin ya kawo muku labarin Uwargida Stephanie Shirley, wadda ta rasu ran 9 ga watan Agusta, 2025, ba a manta da ita ba, tana da shekara 91 a duniya. Mutanen ƙasarta sun san ta da kafa babban kamfanin tsara ayyukan kwamfuta. Amma mu abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda ta yi da dukiyar da ta tara.

An haife ta a birnin Dortmund na ƙasar Jamus cikin 1933. Mahaifinta alƙali ne Bayahude, wanda mulkin Hitila ya raba da aikinsa. Cikin 1939, tana 'yar shekara 5, aka saka ta a jirgin ƙasa ita da yayarta mai shekara 9, cikin yara wajen 10,000 da aka gudu da su Ingila ba tare da iyayensu ba. Waɗansu mata da miji da ba su taɓa ganinta ba suka ɗauke ta riƙo. Ta sha faɗa cewa tun da baƙi ne suka ceci ranta, to, wajibi ne ta yi abin da zai nuna ba a yi ceton banza ba.

'Yan makaranta, ku saurara da kyau. Makarantar 'yan mata da ta shiga ba a koyar da lissafi mai zurfi, sai da ta nemi izinin zuwa ta maza ɗaukar darasi. Da ta kama aiki kuma, shekara 6 ta yi tana karatun dare kafin ta sami digiri.

Cikin 1962 ta kafa kamfaninta mai suna Freelance Programmers da jarin fam 6 kacal, teburin cin abinci kuwa shi ne ofis. A zamanin, mace a Ingila takan bar aiki da zarar ta yi aure ko ta haihu. Irin waɗannan matan ta ɗauka, kowace tana ɗakinta tana reno, tana rubuta umarnin da kwamfuta za ta bi da fensir da takarda. Cikin ma'aikata 300 na farko, uku ne kaɗai maza. Da ta ga manyan kamfanoni ba sa amsa wasiƙunta, sai maigidanta ya ba ta shawarar ta riƙa sa hannu da sunan maza, watau Steve. Nan da nan amsa ta fara zuwa.

To, amma a gida akwai wata jarrabawa. Ɗanta guda ɗaya tilo, Giles, wanda ta haifa cikin 1963, bai kai shekara 3 ba maganarsa ta ɗauke. Likitoci suka ce yana da larurar otizim, wadda kan iya hana yaro magana da cuɗanya da mutane. Rana tana fama da kamfani, dare tana jinya, har wahala ta kwantar da ita kanta a asibiti. Shi ma Giles ya yi shekaru a kulle a wani asibiti, abin da ya hana uwar sukuni. Daga baya ta sama masa gida da masu kula da shi, daga nan ne ƙungiyar Kingwood ta samo asali cikin 1994, domin manya masu irin wannan larura.

Giles ya rasu cikin 1998 yana da shekara 35. Rashin bai sa ta naɗe hannu ba. Cikin 1999 ta buɗe makarantar kwana ta Prior's Court domin yara masu otizim, sa'an nan cikin 2004 ta kafa ƙungiyar Autistica domin binciken likitoci. Da yake mace ce mai sha'awar zane-zane da sassaƙa, sai ta kai masu yawa daga cikin waɗanda ta tara wannan makaranta, domin a ganinta yaron da ba ya magana idonsa na ganin abu mai kyau.

Har ila yau ta ba Jami'ar Oxford fam miliyan 10 aka kafa cibiyar nazarin intanet cikin 2001. Ma'aikatanta ma ta ba su hannun jari a kamfanin, har 70 daga cikinsu suka zama masu miliyan. Jimlar abin da ta bayar kyauta ya kai kusan fam miliyan 70.

Uwargida, idan Allah ya ba ki yaro mai irin wannan larura, ko kina da maƙwabciya mai shi, kada a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki don kunya, kada kuma a bari yara su yi masa ature. A kai shi likita ya duba shi, a kuma riƙa karɓar uwar jinya ko da na yini guda ne, ta samu ta huta. Wannan ba sai mai miliyan ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.